Daga Kano zuwa Brikama: gidan da kaka, ɗa da jika ke kaɗa kora tare

A farkon Nuwamba na bar Kano na nufi Gambiya, da niyyar in sauka a gidan makaɗan gado masu kaɗa kora, wani abin kiɗa na ƙwarya mai tsirkiyoyi da yawa, in ga yadda kaka da ɗa da jika suke haɗuwa a kan kiɗa ɗaya. Jirgi ya kai ni Legas, wani ya ɗauke ni zuwa Senegal. Mai fasfon ECOWAS ba ya buƙatar biza a Senegal ko a Gambiya, amma kada ya bar katin rigakafin shawara a gida, don ana tambayarsa. Filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a Disamban 2017, yana Diass ne, sama da kilomita 40 daga tsakiyar Dakar. Da sauka sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Akwai jirgin da ke sauka Banjul, amma na zaɓi hanyar mota saboda Kaulaha. Na kwana a Dakar, na ci tsire a wurin 'yan Nijar, waɗanda mutanen gari ke kiran namansu dibi Hausa, da asuba kuma na kama hanyar babbar tashar Baux Maraîchers da ke Pikine. Motar hanya ita ce tsohuwar fijo mai cin mutum bakwai: ɗaya a gaba, uku a tsakiya, uku a can baya inda gwiwa ke taɓa haɓa. Mai tsawo ya jira mota ta gaba idan bayan ce kaɗai ta rage. Kuɗin kujera a yanke yake, na kaya ne ake ciniki, ni sefa 1,000 na biya wa jakata. Idan aka faɗi farashi da Wolof sai an ninka shi sau biyar, domin da dala, wato sefa biyar, suke ƙirgen kuɗi kamar mutanen Maraɗi da Damagaram.

Kaulaha tana da nisan kusan kilomita 190, ta Mbour da Fatick, filayen gishiri a hagu da dama idan an kusa shiga. Na yi ziyara a Madina, unguwar Shehu Ibrahim Inyas, inda Hausa ke tashi a bakin masallaci kamar a Ƙofar Mata, na wuce. Daga nan zuwa Karang, bakin iyaka, bai kai kilomita 100 ba, ta Sokone da Toubacouta. Jandarmomi sun tsayar da mu a hanya, amma takardun direba suka duba.

A Karang ake buga hatimin fita, a taka da ƙafa zuwa Amdallai a buga na shiga. Masu canji na nan birjik. Kuɗin Gambiya dalasi ne, kuma a lokacin dalar Amurka ɗaya tana kusan dalasi 70. Ka canza abin da zai kai ka Banjul kawai, ka ƙirga a gabansu kafin ka miƙa naka. Tasi na haɗaka ke kai mutum Barra, kimanin kilomita 20, inda kogin Gambiya ya buɗe baki zai shiga teku. Dalasi 35 na biya na jirgin fito. Tsallakawar ba ta kai awa ɗaya ba, jiran ne ya cinye rabin yini, a cikin rumfa mai zafi da tumaki da buhunan gawayi. Akwai manyan kwalekwale masu inji a gefe, waɗanda ƙarti ke saɓa fasinja a kafaɗa su kai shi ciki don ba sa matsowa gaɓa. Sun fi sauri, amma da na ga lodin da ake yi musu sai na koma na ci gaba da jira.

Daga Banjul bas ƙarama da suke kira gele-gele ta bi da mu ta gadar Denton, Westfield, Serekunda, Lamin, Yundum da Busumbala. Kilomita 35 ne kacal, amma shingayen 'yan sanda da na shige da fice suna kusa da juna, kuma baƙo ya riƙe fasfonsa a aljihun gaba. Bayan isha'i muka shiga Brikama.

Garin ya yi suna da gidajen jali, wato makaɗan gado na Mandinka. Sunayen zuriyarsu sanannu ne: Kuyateh, Jobarteh, Suso, Konte, Kanuteh. A nan Alhaji Bai Konte ya zauna, wanda ya kai kora bikin kiɗa na Newport a Amurka a 1973, ya rasu a 1983, kuma ɗansa Dembo Konte da Malamini Jobarteh suka ci gaba da abin da ya bari. Gidan da na sauka ba na mashahurai ba ne. Babban gida ne mai sassa, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Na kai wa maigidan goro, aka yanka mini abin da zan riƙa bayarwa duk mako na ɗaki da abinci, aka ba ni ɗaki mai katifa da gidan sauro. Da safe burodin tapalapa ne mai nauyi da wake, da rana shinkafa da domoda, miyar gyaɗa mai kauri da ɗan tsami, ko benachin, dafa-dukarsu da kifi. Zoɓo suna ce masa wonjo. Shayi kuwa zagaye uku ne, kuma a kansa ake yawancin maganar kiɗa. Jikan maigidan babba, ɗan sakandare, shi ya yi mini tafinta.

Ƙungiyar mutum shida ce. Tsohon, wanda duk gidan ke kira Baba, ya haura saba'in, yatsunsa sun yi nauyi. Babban ɗansa shi ne ke jan kiɗa yanzu. Matar ɗan ce zabiya, ita ma 'yar gidan jali ce, don a tsakaninsu suka fi auratayya. Ƙaninta na buga balafon, jerin itatuwa sassaƙaƙƙu da ake bugawa da sanduna. Sai jikoki biyu, tafintana da ƙanensa ɗan shekara tara.

Kafin a gane rabon aikinsu sai an san kayan kiɗan. Kora rabin babbar ƙwarya ce, faɗinta tsakanin santimita 40 da 50, an rufe bakinta da fatar saniya. Ana jiƙa fatar a kankare gashin, a ɗaura ta tana ɗanya, a soka sanduna uku a ƙarƙashinta tun ba ta bushe ba: biyu a tsaye, su ne mariƙa, ɗaya a gicciye. Idan ta bushe ta ɗame sai a kafe ta da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai, a yanke rarar, a huda rami a kafaɗar ƙwaryar don sauti ya fita. Wuyan sanda ce ta icen madobiya, wanda suke kira keno, tsawonta ya ɗara mita ɗaya, tana ratsa ƙwaryar ta ɓullo ta ƙasa inda aka kafa zoben ƙarfe. Samun icen ya yi wuya, an sare shi da yawa ana fitarwa waje har gwamnati ta hana fitar da katako a 2022. Jakin, wato ɗan icen da tsirkiyoyi ke hawa kansa, dogo ne, yana tsaye a kan ɗan matashi bisa fatar, da tsaga a gefe biyu. Tsirkiya 21 ce, 11 a hagu, 10 a dama. Da can da murɗaɗɗiyar fata ake yin su, yanzu zaren fatsa ne na nailan, mai kauri ga manyan muryoyi, siriri ga ƙanana. Yatsu huɗu kaɗai ke kaɗawa, manyan yatsu biyu da manuniya biyu, sauran shida suna riƙe da mariƙa. Muryoyin suna hawa ne hagu, dama, hagu, dama, shi ya sa gudun da kunne ke ji kamar na hannu ɗaya a gaskiya hannu biyu ne ke karɓeɓeniya.

Kowace tsirkiya tana ɗaure da zoben kitsattsiyar fata da ke kewaye da wuyan, sunansa konso. A tura shi sama murya ta hau, a sauke shi ta sauka. A nan wahalar take. Zoben ya kama icen gam, sai an sa manyan yatsu biyu an tura da ƙarfi, kuma motsin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba ya isa ya wuce da murya. Duk tsirkiyoyin a kan jaki ɗaya suke, jakin a kan fata ɗaya, don haka ɗaga ɗaya yana sassauta maƙwabtanta, sai an zagaya sau biyu ko uku kafin su zauna. Brikama kusa da teku take. Raɓar asuba na sa fata ta saki, jaki ya ɗan nutse, kora duka ta faɗi ƙasa da inda aka bar ta jiya. Aikin farko na ƙaramin jikan kowace safiya shi ne ya fitar da korori ya jingina su inda hantsi zai taɓa fatar na ɗan lokaci, ya mayar da su inuwa kafin rana ta yi ƙarfi, don zafi mai yawa na iya tsaga ƙwarya. Sabuwar tsirkiya tana yin makonni tana miƙewa, saboda haka ba a canza ta ranar biki sai dole. Jaki kuma yana karkata zuwa wajen wuya a hankali, idan ba a miƙar da shi ba wata rana zai kife da ƙara.

Saiti huɗu ne sanannu: silaba, wanda ake kuma kira tomora ba, da hardino, da sauta, da tomora mesengo. Daga silaba zuwa sauta tsirkiya biyu ake ɗagawa, ɗaya a kowane gefe. Idan akwai balafon, shi ake bi, domin an riga an sassaƙe muryarsa a cikin itatuwansa, ba ya hawa ba ya sauka. Ƙanin zabiyar zai buga murya ɗaya, uban yaran ya saita tasa, sannan yaran su ɗauka daga wurin uban. Baba ba ya sa hannu a kayan kiɗan kowa. Yana zaune, idan ya ji wadda ta kauce sai ya ɗaga yatsa, mai ita ya nemo ta da kansa.

Kiɗan kansa hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da shekarun mai riƙe shi. A ƙasa akwai bugun da ake yi da ɗan ƙarfe ko da yatsa a bayan ƙwarya, konkon. Da shi yaro ke farawa: ya tsuguna gaban mai kora yana ƙwanƙwasa ƙwaryar, ya daɗe a haka kafin a bar shi ya taɓa tsirkiya. A samansa akwai kumbengo, gindin kiɗa, ɗan gajeren zagaye da ke maimaituwa ba canji, babban yatsa na riƙe da manyan muryoyi, manuniya na fitar da karin. Wannan na babban jikan ne. A kansa uban ke yin birimintingo, wato gudu da kwalliya, ya fita daga zagayen ya dawo ya faɗa daidai kan gaɓa. Zabiya na rera donkilo, tsayayyen baitin waƙar, tana kaɗa wani ɗan bututun ƙarfe da ake kira neo. Baba shi ke da sataro, zuba magana a kan kiɗa: asalin dangi, wane ya haifi wane, wane ya yi wace bajinta, da karin magana. Wannan ba ya koyuwa da yatsa, sai wanda ya daɗe yana jin manya.

Taken da ake fara koya wa yaro shi ne Kelefaba, na jarumi Kelefa Saane na zamanin daular Kaabu, wadda ta faɗi a yaƙin Kansala a 1867. Gindinsa a buɗe yake, babban yatsa da manuniya suna samun aikinsu a fili. Na zauna na ga darasin yamma, kuma kurakuran iri ɗaya ne kullum. Yaro na ƙara sauri ba tare da ya sani ba, musamman idan uban ya shiga gudu, don kunnensa na bin uban ya bar nasa. Maganinsa shi ne a sa shi ya riƙe zagaye ɗaya ana hira a kansa, ana aikensa da ido, har hannun ya daina jiran kai. Na biyu, yana ƙanƙame mariƙa, wuyan hannu ya sandare, sautin ya fito a daddatse. Na uku, yana barin manyan tsirkiyoyi suna ta amo su haɗe da juna, alhali akwai wuraren da ake kashe sauti da gefen yatsa nan take bayan an kaɗa. Ba a rubuta komai, ba a ƙirga gaɓa da baki. Uban zai kaɗa, yaron ya maimaita, idan ya kuskure a sake. Tafintana ya ce shi ba a hannun ubansa ya yi yawancin koyonsa ba, wurin ƙanin kakansa aka tura shi, don uba ko ya yi sanyi da yawa ko ya yi zafi da yawa. Wannan dabara ce da gidajen jali da dama ke bi.

Wanda ya san kiɗan fada a ƙasar Hausa ba zai ji baƙunta ba. Mu ma muna da makaɗan gado da na haye. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya yi amshi a bayan manyansa kafin ya ja ƙungiya, 'ya'yansa kuma suka yi masa amshi, yayin da Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, shiga ya yi da ƙarfin baiwa. Yaron gidan kotso ko taushi shi ma daga ɗaukar kaya yake farawa, ya koma amshi, ya karɓi ƙaramin kiɗa. Bambancin da na gani biyu ne. A wurinmu jagora shi ne mai waƙa, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa, sanƙira na gefe yana kirari. A gidan jali aikin sanƙira da na masanin tarihi sun haɗu a bakin dattijo, kuma shi ne mafi daraja ko da bai rera komai ba. Na biyu, mata. Zabiyarsu tana tsaye ne a tsakiyar ƙungiyar mijinta ko ta ubanta, kuma sau da yawa ita ke jawo kuɗin da ya fi yawa. Kora dai ta maza ce a al'ada, shi ya sa Sona Jobarteh, jikar Amadu Bansang Jobarteh, ta zama abin magana da ta ɗauke ta sana'a. A gidan da na sauka ra'ayi ya rabu a kanta, amma na lura ƙanwar tafintana na ɗaukar korar wanta idan ya tafi makaranta, kuma ba wanda ya hana ta.

Na bi su bikin suna a wani ƙauye kudu da Brikama. Masu bikin iyayen gidansu ne tun kakanni, kowane gidan jali yana da gidajen da yake yi wa kiɗa, kuma ba ya jiran gayyata. Mun isa da hantsi, aka yi wa jariri aski, liman ya raɗa suna, Baba ya ɗaga murya ya sanar da shi ga jama'a. Aka raba goro da garin shinkafa mai sukari. Sannan aka shimfiɗa tabarma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke canza hannu ba tare da kiɗa ya tsaya ba. Tsirkiya ta tsinke wa uban a tsakiyar take, babban jikan ya ci gaba da gindin, mai balafon ya cike gurbin kwalliyar, uban ya zaro tsinkakkiyar ya ci gaba da 20, yana kauce wa gurbin. Da zabiya ta hango wata dattijuwa ta shigo, ta waiwayi Baba, ya faɗa mata sunan kakan matar a gajarce, ta saka shi a baiti na gaba. Dattijuwar ta kwance bakin zane. Ana miƙa kuɗi a hannun zabiya, ko a jefa a ramin kora, ba a liƙa a goshi.

Lasifika ce ta ɓata musu rabin awa. An manna ƙaramar na'urar ɗaukar sauti a jikin jakin, ƙwarya kuwa rami ce, da aka ƙara murya sai ta kama kuka. Sai da aka juya lasifikar ta ba korar baya, aka toshe ramin da tsumma, sannan ta lafa, amma manyan muryoyin suka rage zurfi. A nan saɓanin gidan yake. Uban yana son kora mai maɓallan ƙarfe irin na jita, wadda sufayen Kirista na Keur Moussa a Senegal suka yaɗa, don ana saita ta cikin minti kaɗan kuma tana zama daidai da jita da piyano idan an samu aikin otal a bakin teku lokacin 'yan yawon buɗe ido. Baba ya ce wanda bai sha wuyar konso ba kunnensa ba ya nuna, kuma saitin Turawa yana goge ɗan bambancin da ke tsakanin hardino da silaba. A ganina kowannensu yana da gaskiya, kuma sun riga sun sasanta a aikace: yara na koyo da mai zoben fata, mai maɓalli na fita aikin otal.

Da dare aka zazzage kuɗin a kan tabarma gaban Baba. Aka fara cire kuɗin mota da na hayar lasifika, aka ware na cefanen gida da na zaren fatsa. Abin da ya rage Baba ya raba: shi da ɗansa da zabiya kaso manya, mai balafon ƙasa da su kaɗan, babban jikan abin da zai isa kuɗin makaranta na 'yan kwanaki, ƙaramin kuwa kuɗin alewa. Atamfar da aka ba zabiya tata ce, ba ta shiga rabo. Tafintana ya ce yawancin ƙungiyoyin gida da suka watse a kan wannan tabarmar suka watse, musamman idan ɗaya ya fara samun gayyata Turai shi kaɗai, ko idan dattijon da kowa ke jin nauyinsa ya rasu ba a san wanda zai riƙa rabo ba.

Kafin in taho na leƙa kasuwar masassaƙa ta Brikama. Korori na rataye da yawa, amma mafi yawansu na ado ne: fatar akuya mai laushi, ƙwarya sirirya, tsirkiyoyi kusan kauri ɗaya, zobba masu zamewa da an ɗaure. Mai son ta kaɗawa ya je wurin jali ya ba da aiki, ya ba shi makonni, don fata ba ta bushewa da gaggawa. Ya ƙwanƙwasa ƙwaryar ya ji ba ta da tsaga, ya danna fatar kusa da jaki ya ga ba ta lotsawa, ya hangi wuyan daga sama ya tabbatar a miƙe yake.

Komawa ta yi sauƙi, filin jirgin Banjul yana Yundum ne, tafiyar 'yan mintoci daga Brikama. Mai ɗauke da kora ya sassauta tsirkiyoyin duka, ya kwantar da jakin, ya naɗe ƙwaryar da bargo, ya kuma tambayi kuɗin kaya mai tsawo tun wurin sayen tikiti. Idan ya iso Arewa a cikin hunturu, fatar da aka ɗaura a iskar teku za ta ƙara ɗamewa sosai. Ya bar ta a ɗaki nesa da rana da iska na mako guda, sannan ya ɗaga tsirkiyoyin kaɗan-kaɗan, yana farawa daga manya.